Gashin da Ya Zo Cikin Sabulu

Ni dai tun ina yarinya an san ni da tambaya. Mahaifiyata takan ce da tambaya noma ce, da rumbunmu ya fi na kowa a Dumega. Aure bai raba ni da halin ba, sai ma ya ƙara mini abin tambaya, domin gidan da aka kai ni gidan gujiya ne. Gujiya muke cewa a Arewarmu ta wajen Dogon Dutsi, abin da mutanen gabas ke kira gyaɗa. A shekarun nan na farkon mulkin kai, duk mai ƙarfin riƙe hauya sai ya ware mata gona, don ita ke biyan haraji, ita ke sayen tufafin salla.

In kaka ta yi, sai a buɗe sikeli a Tibiri. Kowa ya kai ɓararriyar gujiyarsa, mai awo ya sa a soke buhu da wani dogon ƙarfe mai kogo, a zaro ta tsakiya a duba. In an ga yashi ko tsakuwa ko ruɓaɓɓiya, sai a zazzage buhun a kan rariya a gaban jama'a. Mutane kuwa ba su da dama. Wani ya cusa yashi a gindin buhu, wani ya yayyafa ruwa don ta yi nauyi. Amma buhun maigidana ba a soke shi. Tun zamanin mahaifinsa aka shaida gidan, har ta kai ana ba shi buhunan masu saye ya zo da su gida, ya cika, ya ɗinke da hannunsa. In ya kai, a ɗora a sikeli, a wuce da su kai tsaye wurin lodi. Ba shi da doki, ba shi da sarauta, rigar fita ma guda ce. Sunan nan shi ne duk abin da ya mallaka, kuma in za a kwatanta shi ga baƙo cewa ake yi, mutumin nan da ba a soke wa buhu.

Ni abin da ya dame ni daban ne. Nakan ga motoci sun yi lodi har suna nishi, sun kama hanyar Doso, in ce wai ina ake kai wannan uwar gujiya? Wane irin ciki ne ke cinye ta duk shekara bai ƙoshi ba? In na tambayi maigida sai ya ce, "Faransa," ya ci gaba da abin da yake yi, kamar ya ce mini bayan gari. Shi mutum ne mai tsadar magana. Saboda haka sai in yafa mayafina in tafi wurin kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon soja ne da aka kai Faransa lokacin yaƙi ya dawo da ɗingishi da labari.

"Kawu, su can ƙuliƙuli suke yi da ita?"

"Kai, wagga ɗiya! Ina suka san ƙuliƙuli? Matse ta suke yi da inji, su ci man, su yi sabulu da saura, tunkuzar su ba shanu."

"Shanu? Tunkuzar?"

"Shanu mana."

Wannan ya ba ni haushi ƙwarai, don ni na san wahalar tuyar ƙuliƙuli. Na ce to ta wace hanya take bi? Ya zana mini a ƙasa da sandarsa: mota har Gaya, a ƙetare kogi, jirgin ƙasa har bakin teku, daga nan jirgin ruwa. Ya ce jirgin ma nasu ne, sai an biya su ladan dako kafin su kai wa kansu kayan. Na ce wannan wane irin ciniki ne, ka sayar wa mutum kaya, jakin nasa ne, mudun nasa ne, shi ne kuma zai yanka farashi? Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Mu ma haka aka yi mana. An auna mu a sikeli, an duba haƙoranmu, an loda mu a jirgin. Bambancinmu da gujiya, mu wasunmu sun dawo da siffarsu."

Na tambaye shi mu kuma mi suke aiko mana. Ya ce in duba ɗakina: fitila, sukari, ashana, yadin da ke jikina. Ya ce har likitan da ke zuwa yin lamba da masu ginin rijiyar siminti, duk cikin cinikin suke, in an bi diddigi. Na koma gida ina kallon kayan ɗakina kamar baƙi. Duk abin da na ɗauka sai in juya shi in ce, wa ya taɓa ka kafin ni?

Amsar ta zo mini a cikin sabulu. Bayan na haifi 'yar farina, maigida ya je Dogon Dutsi ya sayo mini sandar sabulu a kanti, irin doguwar nan mai ruwan ƙwai da ake yankawa da zare. Kafin nan sabulun salo muka sani. Na riƙa yankarta kaɗan kaɗan don wankin goyo, ina ɓoye saura a cikin kwalla. Wata safiya na ja zare, sai na ji ya sarƙe da wani abu. Na raba sabulun biyu, na ga wani siririn abu ya haɗa su. Na ja, yana fitowa, na ja, yana ta fitowa, har gabana ya faɗi. Gashi ne. Sili guda, santsi, launinsa kamar gemun masara, kuma tsawonsa ya wuce kamu.

Na kai wa uwar mijina, wadda muke kira Inna. Tana gani ta ja da baya ta dafe ƙirji. Ta ce wannan ba na bil'adama ba ne, na aljana doguwa ne, ita ta san masu irin wannan gashi, a gindin tsamiya suke zama. Ta ce in kai shi bakin suri in ajiye, in juyo kada in waiwaya, sabulun kuma kada ya sake taɓa jikin jikarta. Ni kuwa na ce a raina, wace doguwa ce za ta bar tsamiyarta ta shiga kanti? Na naɗe gashin a ɗan yatsa, sai gidan Kawu.

Kawu ya ɗaga shi a rana, ya kanne ido guda, ya daɗe yana dubawa.

"Na mace ne," in ji shi. "Na ga irinsu a garin da jirginmu ya tsaya. Da sassafe za ki gan su sun yi jerin gwano za su gidan sabulu, kowace da ɗan ƙunshin abincinta. Wata ce ɗankwalinta ya zame."

"Talakawa ne?"

"Talakawa mana. Ke kina tsammani duk Anasara kumandan ne mai mulkin gari?"

Wallahi haka nake tsammani. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai Baturiya mai tashi da asuba ta tafi aikin ƙarfi ba. Na shiga jero masa tambayoyi. Tana da goyo? Wa ke riƙe mata shi? Wa ke yi mata kitso, ko irin wannan gashi ba ya kitsuwa? Ta san gujiyar da take juyawa wata ce ta ɓare ta har yatsunta suka yi kanta? Kawu ya ce in bar shi ya sha iska, shi soja aka kai shi, ba ƙidayar matan gari ba.

Daga nan damuwa ta shigo. A wurinmu gashin mutum ba abin wasa ba ne. In an gama tsifa, sai mace ta tattara duk abin da ya zuba, ta dunƙule, ta cusa a tsagar katangar ɗakinta inda ba mai gani. In tsuntsu ya ɗauka ya yi sheƙa da shi, ciwon kai ba zai bar ki ba. In ya faɗa hannun maƙiyi kuwa, sai abin da Allah ya yi. Na sha dundu a wurin mahaifiyata a kan wannan. Akwai wata maƙwabciyarmu da ta shekara tana ɗaure kai da tsumma, kowa ya ce gashinta ne ya ɓata. To yau ga gashin wata baiwar Allah a hannuna, ita ba ta sani ba, tana can wataƙila kanta na sarawa, ta rasa dalili.

Kawu ya ce in kwantar da hankalina, su can a gidan aski ake yanke shi a share a zubar a juji. Ban yarda ba. Kawu yana da ƙarin gishiri, shi ne ya taɓa ce mana ruwa na daskarewa har a yi tafiya a kansa. Na yi tunanin ƙonawa, na tuna an ce zazzaɓi yake sawa. Na yi tunanin cusa shi a katangata, sai na tuna da kiranye, asirin nan da ake yi da gashin mutum a jawo shi daga nesa. Na ce kada in je in tayar da matar mutane daga ɗakinta, ta bar 'ya'yanta ta kama hanya ba ta san inda za ta ba. Abu guda ya rage, a mayar wa mai abu abinta. Hanya kuwa ga ta a tsakar gidanmu an jingine, buhu a kan buhu. Tunda gujiyarmu ce ke zama sabulunsu, ai hannun da ya zuba wannan shi zai kwance wancan.

Ban gaya wa maigida ba, don na san amsarsa. Ko tsinke bai yarda ya shiga buhunsa ba. Yakan zauna ya bi gujiya da hannu a kan tabarma, ya hana kaji ma gilmawa. Na sani sarai in aka sami wani abu a ciki, sunan nan ya tafi. Amma na ce da kaina, sili guda na gashi wane nauyi gare shi? Kuma buhun da ba a sokewa, wa zai buɗe shi kafin ya isa can? Na naɗe gashin a auduga, na roƙi guntun jan fata a wurin baduku, na ɗinke shi tsaf, don kada ya ɓace a cikin gujiya, kuma don mai shi ta ga an girmama ta. Da maigida ya fita shan ruwa kafin ya ɗinke wani buhu, na tura hannu har gwiwa na ajiye. Ko kusa bai zo mini a rai ba cewa abin da na ɗinka, duk wanda ya gan shi a ƙasar Arewa laya zai kira shi. Har yau ban ce na yi laifi ba. Amana ce ta faɗo hannuna na nemi hanyar mayarwa.

Ranar kai kaya na ce zan bi su maigida Tibiri in sayar da fura. Gaskiyar magana so nake in ga buhun nan ya hau mota da idona. Na yi masa alama da ɗan gawayi a kunne. Na sami inuwa kusa da sikeli na ajiye ƙwaryata, ina dama wa mutane fura, idona na kan raƙumin da ya ɗauko kayanmu.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. A ranar an yi ta kama buhuna masu yashi, mai awo ya gaji da faɗa har muryarsa ta dushe. Shi dattijo ne, ya san maigidana tun yana bin mahaifinsa. Da ya hango shi sai fuskarsa ta washe. Ya ɗaga hannu ya tsayar da aiki, ya ce, "Jama'a, ku matso ku ga yadda 'ya'yan halak ke gyara gujiya! Yau zan zazzage buhun da ba a taɓa zazzagewa ba, don marasa kunya su koya." Ya nuna buhu guda da sandarsa. Ludayi ya kuɓuce mini. Mai kunnen gawayi ne.

Maigida ya tsaya yana murmushin jin kunyar yabo. Aka farke ɗinki, gujiya ta zubo a kan rariya, jawur, tsaf, ba ko ƙura. Mutane suka fara cewa madalla. Sai ga ɗan jan abu ya gangaro ya tsaya a tsakiya.

Mai awo ya ɗauka da yatsu biyu, ya juya shi. Wani daga baya, cikin waɗanda aka kama da yashi ɗazu, ya ce, "Af! Ashe da abin da ke danne sikelin." Wani ya ce, "Shi ya sa idon mai awo ba ya ganin buhunsa." Mai awo ya sa wuƙa ya farke fatar, ya buɗe audugar, ya ga gashi. Nan fa aka ɗau salati. Laya mai rubutu kowa na da ita, amma laya mai gashin mutum, wannan sai mai mugun nufi.

Maigida ya dubi ɗinkin fatar, ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Ya san hannuna, ni ke yi masa bakin hula. Da ya ce aikin mata ne, da an yi dariya an bar shi. Amma da ni an ba ni sunan da ba ya wankuwa, mai asiri da gashi, kuma irin wannan suna har 'yar da ke bayana sai ya bi ta ɗakin miji. Ya miƙa hannu ya ce, "Nawa ne. Ba ni abina."

Ni ba a haife ni da haƙurin yin shiru ba. Na miƙe da goyo na ratsa maza, na ce ƙarya yake yi, ni na sa, gashin wata Baturiya ce mai aikin sabulu, a cikin sabulu na same shi, mayar mata zan yi kada kanta ya yi ciwo. Wayyo, da na sani da na bar bakina a rufe! Aka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Wani ya ce, "Kai, matar nan ta iya kare miji, amma ba ta iya shirya ƙarya ba." Ba mutum guda da ya yarda. Maigida ya ce, "Ke, ɗauki ƙwaryarki," a hankali, bai ɗaga murya ba.

Mai awo bai ji daɗi ba, na ga hakan a fuskarsa. Amma a gaban jama'a aka yi, dole ya sa aka zazzage sauran buhunan duka. Ba a sami ko tsakuwa guda ba. Aka auna, aka karɓa. Sai dai da maigida ya nemi buhunan da zai koma da su gida kamar kullum, mai awo ya kawar da kai ya ce bana sun yi ƙaranci.

Muka kama hanyar komawa. Ina tafe ina kuka, rabi na baƙin ciki rabi na haushi. Na shirya wa kaina komai, har da inda zan sa kayana in an ce in tafi gida. Muka iso da la'asar, ya yi salla, ya zauna a bakin rumbu. Can ya kira ni. Na zo na durƙusa ina jiran hukunci.

Ya fito da audugar daga aljihu, ya warware gashin a hankali da manyan yatsunsa, ya shimfiɗa shi a kan hannunsa tun daga kan yatsa har ya wuce gwiwa. Ya daɗe yana kallo.

"Duk wannan a kan mutum guda?" in ji shi.

Na ce, "Sili guda ke nan."

"Ikon Allah. To da mi take wanke shi?"

Na ce, "Da sabulu mana, tunda a gidansa take."

Ya yi 'yar dariya ta hanci, irin tasa. Na ba shi labarin da Kawu ya ba ni, sai ya tambaye ni ko Kawu ya ce tana da 'ya'ya. Ashe shi ma yana da tambayoyi, ajiye su kawai yake yi. Na ce masa ni dai yanzu na rasa yadda zan yi da shi, hanya ta toshe, kuma ina tsoron in sa a katanga ya zama kiranye. Ya tashi ya shiga ɗakina, ya nemo tsagar da nake ɓoye nawa gashin, wadda nake tsammani bai san da ita ba. Ya cusa shi can ciki, ya dafe da ɗan yatsa. Ya ce, "In ya kira ta, ta zo. Ga ɗaki, ga fura."

Sunan bai dawo ba. Daga shekarar nan buhunsa ya bi layi kamar na kowa, a soke, a zaro, a duba. Ba a taɓa samun komai ba, amma mutane ba sa tuna wannan, abin da suke tunawa shi ne jan abin da ya gangaro a rariya. Har aka zo shekarun fari, gujiya ta daina yi, sikelin ya tashi, ba a sake kiransa mutumin da ba a soke wa buhu ba. Bai taɓa goranta mini ba. Iyakarsa, duk shekara in zai ɗinke buhun ƙarshe, sai ya tsaya da basilla a hannu ya ɗaga murya, "Uwar ɗaki, akwai saƙo?" Ni kuma in ce masa ya kiyaye ni.

Bayan mun tsufa, wata rana muna zaune ina tsince masa wake, na tambaye shi abin da na daɗe ina son tambaya. Na ce, tsakaninka da Allah, abin ya yi maka ciwo? Sai ya kai hannu ya dafa haƙarƙarinsa, ya ce duk lokacin da ƙarfen nan ya shiga buhu, a nan yake jin sa. Hawaye suka cika mini ido, na sunkuyar da kai a kan faifai. Ya ce, "To mi ne ne na kuka? Ke dai duba, duk shekarun nan, ko sau ɗaya kin ji an aiko cewa kan Baturiyar ya yi ciwo?"